Tamba Mai Rediyo da Muryar Ƙanensa

In ka taɓa kai rediyo gyara a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, to ka san Tamba ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai tabarau ɗaure da zare, wanda rumfarsa ke jingine da katangar gidan burodi, tsofaffin rediyo jibge a bayansa har rufi. Mutum ne mai hannu. Rediyon da aka haƙura da shi, in ya kwana biyu a wurin Tamba sai ya yi magana. Abu ɗaya ne Allah bai ba shi ba, murya, kuma a gidan da aka haife shi murya kaɗai ake kira baiwa.

Cikin tarkacen rumfar akwai wani gwangwanin madara da ba ya barin kowa ya taɓa. 'Yan memori ne a ciki, irin na waya, naɗe a leda. Akwai shekarar da ƙanensa Kalilu yake gidan yari, an yanke masa shekara uku saboda fasa kayan masallaci, kuma abin da zai fitar da shi yana cikin wannan gwangwani. Tamba kuwa ya san sarai ƙanensa ba shi da lafiya. Wata bakwai ya yi yana sane, bai buɗe baki ba.

A Argungu aka haife su, a wata unguwa ta bakin gulbi. Ubansu Malam Hodi shi ne ladanin masallacin unguwar, kakansu ma haka. A gefen masallacin akwai matakala ta ƙasa mai hawa biyar, nan ladan yake tsayawa ya toshe kunne ya yi kira, masunta a cikin ruwa su ji su naɗe homa, masu albasa a fadama su ajiye ƙwarya. Tamba ne babba, ya ba Kalilu shekara huɗu, don haka tun yana yaro ya ɗauka matakalar nan tasa ce, lokaci kawai yake jira.

Yana da shekara goma sha biyu ubansa ya hau da shi ya ce ya gwada kiran azahar. Ya cika ƙirji ya saki. Abin da ya fito, a gaskiya, ya fi kama da ƙarar ƙofar kwano da ta yi tsatsa. Mata masu wanki a mashaya suka tuntsure da dariya, har wata ta saki zane ruwa ya tafi da shi. Malam Hodi bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Dafa kansa ya yi ya ce ya sauko, shi ya ƙarasa kiran.

Bayan shekara biyu, wata rana Kalilu yana zaune a tsakar gida yana ɗinkin komar kamun kifi, sai ya fara kwaikwayon kiran salla da wasa. Ubansu yana alwala a bakin ƙofa. Ya tsaya cak, buta a karkace a hannunsa, ruwa yana zuba a ƙasa har ya ƙare bai sani ba. Tamba yana tsaye yana kallon fuskar uban. Bai taɓa ganin an dube shi da irin wannan fuskar ba, kuma ranar ce wani abu ya shiga ƙirjinsa ya yi zaune. Hassada ce, babu wani suna da za a yi mata ado da shi.

Yana cika sha bakwai ya tattara ya tafi Birnin Kebbi koyon gyaran rediyo. Ya ƙware, ya kafa rumfa, ya auri Aminatu, ya yi 'ya'ya. Duk Juma'a yakan hau babur ya bi ta Ambursa ya je gida. Da Malam Hodi ya rasu babu wanda ya tsaya shawara, Kalilu ya hau matakala. Abin da ya fi ƙona wa Tamba rai shi ne Kalilu ba shi da girman kai ko kaɗan. Da yana taƙama da an samu abin kamawa. Amma mutum ne mai sanyi, ya yi noman shinkafarsa da albasarsa, ya shiga ruwa in an shiga, in Yaya ya zo ya tashi ya ba shi tabarma, in zai koma ya ɗaura masa kifi a bayan babur. Tamba yakan ci kifin yana jin haushinsa.

Sai shekarar da Alhaji Zayyanu, mai injin casar shinkafa kuma shugaban kwamitin masallaci, ya sa aka gyara masallacin. Aka sa tagogin gilashi, aka kafa sola, aka sayo amfilifaya da makirfo da lasifika huɗu. Wa zai haɗa in ba ɗan unguwa ba? Kwana uku Tamba ya yi a kan rufi yana jan waya, rana tana dukan ƙeyarsa, yana ji a ransa cewa yau dai ladanci ya biyo ta hannunsa. Ranar da aka kunna, muryar Kalilu ta tsallake gulbi ta shiga fadama har inda ba ta taɓa zuwa ba. Aka idar da salla aka yi wa Kalilu caa ana sa masa albarka. Wani tsoho ya share ido ya ce Allah ya jiƙan Malam Hodi, ya bar ɗa. Ɗa guda ya ce. Tamba yana tsaye a gefensa da filaya a hannu.

Daga nan ya yi abubuwa biyu. Na farko, ya ɓoye wata 'yar na'urar ɗaukar murya a cikin akwatin amfilifayar, mai kunnenta daban, da an kunna akwatin sai ta fara ɗaukar duk abin da aka faɗa kusa da ita. Duk Juma'a yakan zare memori ya sa wani. Ya gaya wa kansa don gwada lafiyar sauti ne. Ƙarya yake. A rumfa yake sa abin kunne ya yi ta sauraren inda Kalilu ke ja da inda yake saki, sannan in ya hau babur ya wuce Ambursa, hanya ta yi fili, sai ya yi ta gwadawa da ƙarfi, iska tana kwashe muryar kafin kowa ya ji. Magidanci ne mai furfura a gemu yake wannan aiki.

Na biyu, ya murɗa maɓallin eko. Masu haɗa sauti sun san shi, ɗan maɓalli ne da ke sa murya ta riƙa dawowa bayan an faɗe ta, ta maimaita kanta tana nisa. Tamba ya ƙara shi sosai. Sai ga mutane suna cewa kiran sallar unguwarsu ya koma kamar na manyan masallatai, wane ne ya haɗa? Aka ce Tamba ne, ɗan Malam Hodi na Birni. Karo na farko ke nan da aka ambaci sunansa a maganar kiran salla ba a yi dariya ba, kuma ya riƙe maɓallin nan a ransa kamar gadonsa.

A daminar shekara ta biyu zazzaɓi ya ɗauke Ummu Hani, matar Kalilu, cikin kwana huɗu. Kalilu bai yi kuka a gaban mutane ba. Amma ya daina barci, ya bar shinkafa ciyawa ta cinye, yakan zauna a tsohuwar matakala yana motsa baki shi kaɗai. Dangi suka ce zafin rashi ne, zai wuce. Ƙanwarsu Sadatu, mai bandar kifi, ita ce kawai ta ce abin ya fi haka, aka ce ta iya bakinta, gidan Malam Hodi ba a taɓa jin irin wannan ba.

Wata Laraba da hantsi Tamba ya ɗaga kai ya ga Kalilu tsaye a bakin rumfa, hula a karkace, ido ya yi zuru-zuru. Bai zauna ba.

"Yaya, roƙonka niz zo yi," in ji Kalilu. "Ka hidda Baba cikin akwatin ga."

"Wane Baba?"

"Baba dai. In nic ce Allahu Akbar sai shi amsa min daga baya, hal sau ukku. Shina son hita, ba shi iyawa. Kai kas saka shi, kai ka iya hidda shi."

Ko ɗan koyo ya san abin da ake magana a kai. Eko ne, murɗawa ɗaya zuwa hagu ta ishe shi. Tamba ya dubi idon ƙanensa ya gane babu lafiya, ya gane har cikin ƙashinsa. Amma abin nan da ke zaune a ƙirjinsa ya riga shi magana.

"Kai dai ba ka son a ambaci sunan kowa in ba naka ba," ya ce. "Abu guda anka yaba min a masallacin ga, shi kaz zo a cire?"

Kalilu ya dubi ƙasa. Ya ce Allah ya huci ran Yaya, ya juya ya tafi tasha. Ranar Juma'a Tamba ya je Argungu, ya canza memori, ya tsaya yana kallon maɓallin. Maimakon hagu, sai ya ƙara masa kaɗan zuwa dama.

Bayan kwana goma sha ɗaya, ranar Talata da hantsi, lokacin da masallaci ba kowa, Kalilu ya shiga da gatari. Ya farfasa akwatin, ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya, ya hau rufi ya sauko da lasifika biyu. Aka same shi zaune a cikin gilasai, hannu yana jini, fuska a sake, yana cewa ya fita, ya fita. Kafin azahar magana ta zaga gari ta yi 'ya'ya. Wasu suka ce wata ƙungiya ce ta juya shi, wasu suka ce turo shi aka yi. Samari suka taru da sanduna, Alhaji Zayyanu ya kira 'yan sanda tun kafin a zubar da jini a ƙofar masallaci.

A kotun farko aka tuhume shi da ɓarna da keta alfarmar wurin ibada. Ba shi da lauya. Aka karanta masa, ya ce shi ya yi, bai ƙara komai ba. An kira Tamba don ya bayyana kayan da aka fasa, tunda shi ya haɗa su. Alƙalin ya daɗe yana kallon Kalilu, sannan ya juyo ya tambayi Tamba: tunda kai ne wansa, ko ya taɓa samun taɓin hankali, ko ka ga wata alama a kwanakin nan?

"Lahiyatai lau, ranka shi daɗe," in ji Tamba. "Gidanmu ba mu da wannan."

Daga baya ya yi ta gaya wa kansa cewa sunan gida ya kare. Akwai Salwa, 'yar Kalilu, da ta kusa aure, akwai 'ya'yan Sadatu, kuma kowa ya san yadda masu neman aure ke bin tarihin gida in an ce akwai hauka. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce ta motsa harshensa ba. Abin da ya gani a lokacin shi ne, in ya ce e, za a ce Allah sarki Kalilu, a tausaya masa, a ƙara son sa. Ko masallaci ya fasa sai an nemo masa uzuri. Tamba bai iya haɗiye wannan ba. Aka yanke shekara uku.

Kwamiti ya sake sayen kaya, Tamba ya haɗa, aka ce ya riƙe kiran salla kafin a ga abin da Allah zai yi. Ya rufe rumfar Badariya, ya bar Aminatu da yara, ya koma Argungu da kayan aikinsa da gwangwaninsa. Shekara talatin da ɗoriya yana jiran wannan rana. Da eko da abin da ya koya a hanyar Ambursa, kiran ya fita ba a yi dariya ba. Aka ce ba laifi. Wani masunci ya ce ya yi ƙoƙari, wanda in ka duba ya fi zagi ciwo. Kuma a majalisa da mashaya da wurin casa, hira ɗaya ce: muryar Kalilu, yadda take shiga jiki, yadda gari ya yi shiru da babu ita. Ga mutum a bayan katanga yana cin gabza, Tamba yana riƙe da makirfo, amma har yanzu shi ne mai jin haushi.

Sadatu ba ta zauna ba. Duk mako biyu takan ɗaure kifi ta je gidan yari, har Allah ya haɗa ta da wata lauya, Barista Munira, cikin masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, ofishinta a unguwar Gesse, cikin Birnin Kebbi. Ta ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu a Birnin Kebbi, bisa cewa mutumin ba ya cikin hankalinsa lokacin da ya yi ɓarnar, ba ya kuma cikin hankalinsa lokacin da ya amsa laifi. Amma ta gaya wa Sadatu gaskiya. Likita zai iya faɗin yadda Kalilu yake yau, sai dai za a ce zaman gidan yari ne ya taɓa shi. Abin da kotu ke son sani shi ne yadda yake kafin ranar gatari, kuma a rubuce yake cewa wansa uwa ɗaya uba ɗaya ya ce lafiyarsa lau.

Sadatu ta sami Tamba a zauren gida bayan la'asar, yana like wayar wata fitila. Ta gaishe shi a tsaye, warin hayaƙin banda yana tashi daga mayafinta.

"Yaya, ran da Kalilu yat tahi Birni wurinka, ni nir raka shi tasha. Mi yac ce maka?"

"Gaisuwa ta kai shi."

"Gaisuwa." Ta jinjina kai. "To shina can ya rame awa kara. Sai shi tashi tsakar rana shi huskanci bango shi yi kiran assalatu, 'yan ɗaki na jihwa tai da takalmi. Kullum nij je sai ya tambaye ka."

Tamba bai ɗago ba. "Mi shika cewa?"

"Cewa yay yi in gaya maka ka riƙa aje ruwa kusa, wai makirho na busar da maƙoshi, kai ko ba ka saba ba."

Ta fita ta bar shi. Ya jefar da fitilar a bango. Wai daga gidan yari ma Kalilu ne mai koya masa ladanci, kuma ba da gatse ba, da zuciya ɗaya. Haushin ya hana shi sukuni har kwana biyu.

Akwai memori ɗaya da bai taɓa saurare ba, wanda ya zaro daga ɓaraguzan akwatin ranar da ya zo ganin ɓarnar, kafin 'yan sanda su kwashe. Rana ta uku, tsakanin azahar da la'asar, ya shiga masallaci ya zauna bayan ginshiƙi ya sa abin kunne. Ba nadama ce ta kai shi ba, so yake ya ji yadda Kalilu ke jan ƙarshen kira, don nan ne kullum numfashinsa ke yankewa. Kiran ya ƙare, aka ji Kalilu ya kashe makirfo, amma bai kashe akwatin ba. Sai muryarsa ta matso kusa, ƙasa-ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri. Na gaya ma Yaya, shina zuwa. Ka san hannunai, babu abin da ba shi gyarawa. Kai da kanka kac ce duk gidan ga shi ad da hannu mai albarka."

Tamba ya tsayar. Bai taɓa jin ubansa ya faɗi haka ba. Abin da ya fara zuwa masa, Allah ya sani, ba daɗi ba ne. Cewa ya yi a ransa, ashe har yabonsa ma Kalilu aka ba ajiya. Sannan ya sake kunnawa. Kowace salla akwai irin wannan hira. Ranar Asabar Kalilu ya ce wataƙila Yaya mantawa ya yi. Ranar Litinin ya ce muryar Baba ta ƙara ƙarfi, ko wurin ya matse shi ne? Juma'a ta biyu, wadda Tamba bai ko canza memori ba, ya ce Yaya ya zo ya tafi, kada Baba ya yi fushi da shi, aiki ya yi masa yawa. Na ƙarshe gajere ne. An kunna akwati, Kalilu ya ce Baba ya matsa gefe, sai ƙara ɗaya, sai shiru.

La'asar ta yi ranar, mutane suka taru ba a ji kira ba, sai wani daga sahu ya fita ya yi. Washegari Tamba ya sa gwangwani a aljihu ya hau babur zuwa Gesse.

Barista Munira ta saurara har ƙarshe, ta cire abin kunne ta dube shi. Ba ta ɓoye masa komai ba. Za ta roƙi kotu ta karɓi ƙarin shaida, in an yarda dole ya tsaya ya ce abin da ya faɗa a baya ƙarya ne, kuma shaidar zur laifi ce mai zaman kanta. Za a tambaye shi dalilin ɗaukar muryar a ɓoye. Za a tambaye shi komai, a gaban kowa.

"Baba, ka shirya wa wannan?" ta ce.

"Ban shirya ba," in ji Tamba. "Ki dai rubuta."

Ranar zaman, mutanen unguwa suka cika mota biyu daga Argungu. Aka shigo da Kalilu, rigar ta yi masa yawa, ya hango Tamba ya ɗan rusuna daga inda yake. Likita ya yi bayaninsa ya sauka. Sannan aka kunna memori a wata 'yar lasifika da ke kan teburin magatakarda. Barista ta so a tsallake zuwa wurin hirar, mai shari'a ya ce a bar shi daga farko. Kiran salla ya cika ɗakin. Alƙalamin mai shari'a ya tsaya, ɗan sandan bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, wata tsohuwa a baya ta fara sharar hawaye. Tamba yana tsaye a wurin shaida, mutuncinsa yana shirin zubewa, amma abin da ya ji a wannan lokacin shi ne tsohon ciwon nan, ko a kotu sai an so muryar.

Da aka gama jin hirar, lauyan gwamnati ya tashi. Mutum ne mai magana a hankali. Ya tambayi Tamba ko ya gane abin da ke damun ƙanensa ranar da ya zo rumfa. Ya ce ya gane. Ya tambaye shi ko gyaran yana da wuya. Ya ce murɗa maɓalli ne zuwa hagu.

"To me ya hana ka murɗawa? Kuma me ya sa ka ce wa kotu lafiyarsa lau?"

Da ya ce don sunan gida ne, da mutanen Argungu sun gane, wasu ma su ce ya kyauta. Amsar tana bakinsa a shirye. Ya dubi Sadatu, ya dubi Alhaji Zayyanu, ya dubi tsohon nan da ya ce Malam Hodi ya bar ɗa.

"Hassada ta, ranka shi daɗe," ya ce. "Haushin muryatai nika ji, tun ina ɗan shekara sha huɗu. Ba hagu nim murɗa ba, ƙara shi niy yi."

Babu wanda ya yi salati da ƙarfi. Ana jin fanka tana juyawa.

Bayan mako uku kotu ta soke hukuncin, ta ba da umarni a kai Kalilu asibitin masu taɓin hankali maimakon gidan yari. Game da shaidar zur, mai shari'a ya wanke Tamba tas a bainar jama'a, ya ce abin da ya sa ba zai tura shi gaba ba shi ne da ƙafarsa ya kawo kansa. Argungu ba ta yi masa wannan sassauci ba. Alhaji Zayyanu bai ko jira hukunci ba, ya aiko aka karɓi mabuɗin akwati, aka ba wani Malam Sama'ila, malamin Islamiyya daga wata unguwa. Ladancin da ya yi kaka da uba da ɗa a gida ɗaya ya fita ke nan, kuma kowa ya san ta hannun wa ya fita. Sadatu ta yi wata shida ba ta gaishe shi ba. Masu neman Salwa na farko suka janye, sai daga baya wani ɗan Augie ya aure ta.

Tamba ya koma Badariya ya buɗe rumfa. Da aka sallami Kalilu bayan wata biyar, likita ya ce a ajiye shi kusa don karɓar magani, Tamba ya ce wa Aminatu ta share ɗakin zaure. Yanzu kullum tare suke fitowa. Kalilu yakan zauna a benci, ya yi ƙiba irin ta magani, hannunsa yana ɗan rawa, maganarsa a hankali. Bai taɓa tayar da zancen kotu ba, ba a san ko ya yafe ba ne ko bai riƙe ba. Mutanen Argungu in sun shigo Birni sukan biyo da kifi da albasa, su durƙusa gaban benci su daɗe suna gaishe shi, sannan su ɗaga wa Tamba hannu daga nesa.

Rannan wata mata ta kawo rediyo, tana tsaye Tamba yana gwada mata, tasha tana ta surutu. Aka fara kiran azahar a masallacin bayan gidan burodi. Kalilu ya fara amsawa kamar yadda kowa ke yi, ƙasa-ƙasa, ido a rufe. Muryar ta dushe, magani ya yi mata nauyi, ko rabin ta da ba ta kai ba. Amma matar ta juya. Ta tsaya da jaka a buɗe a hannu, ta manta abin da take nema a ciki, tana kallon mutumin da ke kan benci.

Tamba ya san wannan fuskar, ya gan ta a kan ubansa ranar da buta ta tsiyaye. Abin nan ya taso masa a ƙirji, ya tokare shi daidai inda ya saba, bai ragu ba ko kaɗan. Ya gyara zaren tabarau. Sannan ya miƙa hannu ya kashe rediyon, don a ji da kyau.